Gani Ya Kori Ji: Yadda Ƙasashen Duniya Ke Auna Karatu da Lissafin Manya

 Yau za mu duba wani irin bincike da labarinsa bai cika zuwa kunnenmu ba, wato binciken da ake bi gida-gida a ƙasashe da dama ana auna yadda manya suke fahimtar rubutu, da yadda suke sarrafa lissafi, da yadda suke warware matsala. Manya nake nufi, magidanta da iyayen gida da ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda suka daɗe da yin sallama da aji. Maganar da nake son kafawa guda ɗaya ce. Yawan shekarun da mutum ya yi a makaranta, da takardar shaidar da ke ajiye a akwatinsa, ba sa gaya mana abin da zai iya yi a yau idan aka miƙa masa rubutu ko lissafi, don haka ƙasar da take son sanin ainihin halin da jama'arta ke ciki sai ta gwada su kai tsaye. Zan kawo hujjojina, sannan in tsaya a kan sukar da ake yi wa wannan aiki, domin a cikin masu sukar akwai waɗanda maganarsu ke da ƙwari.

Bari mu fara da yadda aka saba ƙirga masu karatu. A shekarar 1958 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da ma'ana mai sauƙi, cewa mai karatu shi ne wanda zai iya karantawa da rubuta gajeriyar magana a kan rayuwarsa ta yau da kullum, yana kuma fahimtar abin da ya karanta. Ma'anar ba ta da laifi, amma hanyar da aka bi wajen aiki da ita tana da rauni. Lokacin ƙidayar jama'a sai malamin ƙidaya ya tsaya a ƙofar gida ya tambaya ko wane ya iya karatu, maigida ya amsa wa kansa, ya amsa wa matansa da 'ya'yansa, a rubuta e ko a'a, a wuce gida na gaba. A wasu ƙasashen ma ba a tambayar, duk wanda ya yi shekara huɗu ko biyar a firamare sai a sa shi a layin masu karatu. Kowa ya san babba ba ya son ya ce bai iya ba a gaban baƙo, balle a gaban 'ya'yansa. Bayan wannan, tambayar ta raba mutane gida biyu kacal, alhali tsakanin wanda ke haɗa baƙi da ƙyar da wanda zai karanta yarjejeniyar bashi ya gano inda aka ɓoye tarko akwai tazara mai nisa. Da irin wannan ƙirge ne ƙasashe masu arziki suka daɗe ana rubuta musu kashi 99 cikin 100 na masu karatu, har aka ɗauka cewa su kam sun gama da wannan matsala.

Wannan zato ya rushe ne daga shekarar 1994, lokacin da hukumar ƙididdiga ta Kanada da ƙungiyar OECD, wato ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba mai hedkwata a birnin Paris, suka soma wani bincike da aka sani da IALS. Kafin ƙarshen 1998 ya shafi ƙasashe kimanin 20. Maimakon a tambayi mutum ko ya iya, sai a ajiye masa abin da yake cin karo da shi a rayuwa, kamar bayanin da ke jikin kwalin magani, a ce ya faɗi kwana nawa ne iyakar shan maganin, ko jadawalin tafiyar mota, ko labarin jarida. Abin da ya fito ya girgiza gwamnatoci. A Ailan an samu kusan mutum ɗaya cikin huɗu a mataki mafi ƙasa. A Ingila gwamnati ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Claus Moser, wanda rahotonsa na 1999 ya ce manya kimanin miliyan 7, kusan ɗaya cikin biyar ke nan, suna fama da raunin karatu, kuma a 2001 aka ƙaddamar da babban shiri na koyar da manya karatu da lissafi. Jamus ta yi nata binciken na cikin gida ta hannun Jami'ar Hamburg, a 2011 aka bayyana cewa manya miliyan 7.5 ne ke da ƙarancin iya karatu da rubutu, a binciken 2018 adadin ya sauko zuwa miliyan 6.2. Duk waɗannan ƙasashe ne da karatun yara ya daɗe da zama dole a cikinsu.

Wanda ya gaji binciken IALS, kuma ya fi kowanne girma a yau, shi ne shirin OECD da ake kira PIAAC. Zagayensa na farko ya soma a 2011 zuwa 2012 da ƙasashe 24 da mutane kimanin 166,000, daga baya wasu ƙasashen suka biyo, har adadin ya kusa 40. Zagaye na biyu an yi shi a 2022 zuwa 2023 a ƙasashe 31, da mutane kimanin 160,000, aka fitar da sakamakon a watan Disamba na 2024. A kowace ƙasa ana zaɓen mutane wajen 5,000 masu shekara 16 zuwa 65, zaɓi irin na ƙuri'a wanda ba ruwansa da son ran jami'i, domin talaka da mai kuɗi, na birni da na ƙauye, kowa ya samu damar faɗowa ciki. Jami'in bincike yakan je har gida, ya fara da tambayoyi a kan karatun mutum da aikinsa da albashinsa da lafiyarsa da yadda yake amfani da rubutu da lissafi a wurin aiki da a gida, sannan ya miƙa masa ƙaramar kwamfutar hannu ya yi gwajin da kansa. Ba a ba kowa sakamakonsa, ba wanda ke ci ko faɗuwa, ba a kuma bayyana sunan kowa. Hoton ƙasa baki ɗaya ake nema.

Abubuwa uku ake aunawa. Na farko fahimtar rubutu, wato mutum ya nemo bayani a cikin rubutu, ya gane shi, ya kuma iya tantance ko abin yarda ne. Na biyu lissafin rayuwa, irin na kuɗi da awo da kashi cikin ɗari da karanta jadawali ko zanen ƙididdiga. Na uku warware matsala a yanayin da ke sauyawa, misali a ba mutum taswira da jerin wuraren da zai je kafin wani lokaci, yana cikin tsara hanya sai a ce masa wani titi ya rufe, a ga ko zai iya sake shiri. Makin yana tashi daga 0 zuwa 500, an kuma kasa shi matakai. A ɓangaren karatu, wanda ke mataki na 1 yana iya karanta gajeren rubutu ya zaro bayani guda idan a fili yake, amma dogon rubutu mai bayanai masu karo da juna yakan gagare shi. Wanda ya kai mataki na 3 yana iya bin rubutu mai shafuka da yawa, ya watsar da abin da bai shafi tambaya ba, ya haɗa wannan da wancan ya fitar da ma'ana. Na mataki na 4 da na 5 su ne masu iya auna hujjar marubuci su gane inda ta yi ƙarfi da inda ta yi rauni.

To me aka gano a 2024? Finlan ce ta zo kan gaba a karatu da maki 296, Japan na biye da ita da 289, yayin da matsakaicin ƙasashen OECD ya tsaya a 260. Amurka ta samu 258, Chile kuma ta zo ƙarshe da 218. Amma jerin gwanaye ba shi ne babban labari ba. Idan aka haɗa ƙasashen, kashi 26 cikin 100 na manya suna mataki na 1 ko ƙasa da shi a karatu, kashi 25 a lissafi, kashi 29 a warware matsala, kuma kashi 18, kusan mutum ɗaya cikin biyar, suna ƙasa a duka ukun. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, cikin shekaru goma da suka raba zagayen biyu, ƙasashe biyu ne kawai, Finlan da Denmark, suka samu ci gaba na a zo a gani a karatu. Sauran ko dai sun tsaya cik ko sun ja baya, kuma ja bayan ya fi tsanani a wurin waɗanda dama su ne a ƙasa. A Amurka masu mataki na 1 ko ƙasa sun tashi daga kashi 19 a 2017 zuwa kashi 28 a 2023. Ku lura, masu sauraro, wannan ya faru ne a daidai lokacin da masu digiri ke ƙaruwa a kusan dukkan waɗannan ƙasashe. Da takardun shaida kawai aka ƙirga, da an buga ganga an ce ilimi ya ci gaba.

Nan ne hujjata ta farko take. Takarda iri ɗaya ba ta nufin iyawa iri ɗaya. Rahoton 2013 na zagayen farko ya nuna cewa matasan Japan da na Holan masu shekara 25 zuwa 34 waɗanda suka tsaya a sakandare sun fi sa'o'insu masu digiri na Italiya da Sifaniya fahimtar rubutu. Rahoton 2024 ya sake nuna irin wannan, inda 'yan Finlan masu takardar sakandare suka zarce masu ilimin gaba da sakandare na ƙasashe irin su Chile da Isra'ila da Lituweniya. Wannan ba ya nufin makaranta ba ta da amfani, domin a cikin kowace ƙasa wanda ya yi karatu mai zurfi ya fi samun maki a kan wanda ya tsaya a hanya. Abin da yake nufi shi ne shekara guda a aji ba ta da nauyi ɗaya a ko'ina, nauyinta yana ga ingancin malami da abin da aka koyar da kuma ko yaron ya kama tushe tun daga farko. Takardar shaida tana tabbatar da cewa mutum ya zauna a aji har ya kai ƙarshe, amma ba ta iya rantsuwa a kan abin da ya rage a kansa bayan shekara 20.

Hujja ta biyu ita ce iyawa ba ta tsayawa inda makaranta ta bar ta. Fartanyar da ake noma da ita kullum bakinta yana ƙyalli, wadda aka jingine a bayan rumbu kuwa tsatsa ke cinye ta, haka karatu da lissafi suke a kan ɗan Adam. A kusan kowace ƙasa masu shekara kusan 30 ne suka fi maki, daga nan sai a ga yana raguwa. An daɗe ana ɗora wannan a kan tsufa kawai, sai wani nazari da Eric Hanushek da abokan aikinsa suka wallafa a 2025, wanda ya bi mutanen Jamus da aka sake gwadawa bayan 'yan shekaru, ya nuna cewa iyawar tana ci gaba da ƙaruwa har bayan shekara 40, kuma raguwar da ke biyo baya ta fi kama waɗanda ba sa yawan amfani da karatu da lissafi a aikinsu da gidajensu. Kwatanta tsara da tsara kuma yana tona tarihin ƙasa. A zagayen farko, dattawan Koriya ta Kudu masu shekara 55 zuwa 65 suna cikin na ƙasa-ƙasa, amma matasanta masu 16 zuwa 24 Japan ce kawai ta fi su, alamar irin gudun da ƙasar ta yi a harkar ilimi cikin tsara biyu. A Ingila kuwa matasan ba su fi iyayensu da kakanninsu da komai ba, duk da sun fi su daɗewa a makaranta. Babu ƙidayar ɗalibai ko ta azuzuwa da za ta iya nuna wannan.

Hujja ta uku ita ce abin da ake aunawa yana taɓa aljihu da lafiya. A rahoton 2013, ma'aikacin da ke mataki na 4 ko na 5 a karatu yana samun ladan awa da ya ɗara na wanda ke mataki na 1 ko ƙasa da fiye da kashi 60 cikin 100, kuma masu raunin karatu sun ninka sauran shiga rashin aikin yi. Ko an kwatanta mutum biyu masu takarda iri ɗaya, wanda ya fi iya lissafi ya fi samun albashi. Masu ƙaramin maki sun fi cewa ba su da ƙoshin lafiya, sun fi ƙarancin yarda da mutane, sun kuma fi jin cewa ba su da ta cewa a harkar mulkin ƙasarsu. A nan dole a yi hattara, domin tafiyar abu biyu tare ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan, aiki mai kyau shi ma yana wasa ƙwaƙwalwa, kuma gidan da mutum ya tashi yana da hannu a duka biyun. Duk da haka, alaƙar ta bayyana a ƙasa bayan ƙasa, zagaye bayan zagaye, yadda ba za a ce dace ne kawai ba.

Masu sauraro, ga waɗanda yanzu suka kama mu, muna magana ne a kan binciken ƙasa da ƙasa da ke auna karatu da lissafin manya. Mun ji hujjoji, yanzu sai mu saurari masu suka.

Suka ta farko, kuma mafi nauyi, ita ce ma'aunin na baƙi ne, an ƙera shi da tunanin wasu mutane, sannan aka fassara wa sauran. Wannan magana tana da tarihi. A binciken IALS, sakamako ya sa kusan kashi uku cikin huɗu na Faransawa a matakai biyu na ƙasa, sai Faransa ta janye alƙalumanta kafin a buga rahoton 1995, daga baya kuma masana suka nuna cewa fassara ta sa wasu tambayoyin sun fi wuya da Faransanci a kan yadda suke da Ingilishi. Akwai kuma wani ɓangaren sukar, cewa mutum na iya zama gwanin lissafi a kasuwa ya kasa a kan takarda. An ga haka a birnin Recife na Burazil a wani nazari na 1985 a kan yara masu talla, an sake gani a kasuwannin Kolkata da Delhi na Indiya a nazarin da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da wasu suka wallafa a 2025, inda yara masu sayar da kaya suke buga lissafi mai wuya da ka, amma idan aka rubuta musu shi irin na makaranta sai su rikice. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai awon hatsi ko ɗan canji ya san wannan ba tatsuniya ba ce. Amsata ita ce sukar ta gyara aikin, ba ta rushe shi ba. Tun bayan abin da ya faru da Faransa aka tsaurara duba fassara, ana gwada kowace tambaya tukuna, wadda ta nuna hali dabam a wata ƙasa a ware ta, kuma Faransa da kanta ta dawo ta shiga zagayen PIAAC duka biyu. Game da gwanin kasuwa kuwa, gaskiya ne gwajin ba ya auna hikimarsa duka, kuma bai taɓa cewa yana auna hankali ko darajar mutum ba. Sai dai rayuwar yau tana kawo masa lissafi a rubuce ko yana so ko ba ya so, saƙon banki a waya, takardar asibiti, sharuɗɗan rance, awon maganin feshi a jikin kwalba. Sanin ko zai iya da waɗannan yana da amfani, kuma shi ne ya fi kowa cin moriyar a sani.

Suka ta biyu ta shafi ingancin alƙaluman kansu. Masu wannan magana suna cewa mutane da yawa ba sa buɗe wa jami'an bincike ƙofa, wanda ya yarda ma ba abin da zai samu ko ya rasa, don haka yana iya yin gwajin da wasa, sannan raguwar da aka gani a Turai da Amurka wataƙila baƙi ne da ba su iya harshen ƙasa ba suka jawo ta. Akwai gaskiya a nan. A zagaye na biyu ƙasashe da dama ba su samu amsar ko rabin waɗanda aka zaɓa ba, kuma OECD da kanta ta sa alamar a yi hattara da alƙaluman wasu ƙasashe. Saboda haka bambancin maki biyu ko uku tsakanin ƙasa da ƙasa ba abin kafa hujja ba ne. Amma tazarar maki kusan 80 da ke tsakanin Finlan da Chile ta fi ƙarfin a ce kuskuren awo ne. Batun baƙi kuma an duba shi, aka ga ƙaruwarsu tana bayyana wani ɗan ɓangare ne kawai na raguwar, domin a ƙasashe da dama haifaffun ƙasa ma makinsu ya sauka. Abin lura shi ne duk waɗannan kurakurai mun san su ne saboda masu binciken suna buga yadda suka yi aikinsu, suna kuma sakin bayanan kowa ya duba. Tsohuwar hanyar tambaya a ƙofar gida tana da kurakuran da suka fi waɗannan, ba ta kuma da hanyar gano su.

Suka ta uku ita ce binciken yana kunyata mutane, yana kuma mayar da ilimi gasar ƙasashe. Idan sakamako ya fito, jaridu sukan ɗauki jerin na ɗaya da na ƙarshe, wasu har su rubuta cewa kashi kaza na 'yan ƙasa jahilai ne. Wannan karatun kuskure ne. Yawancin waɗanda ke mataki na 1 suna karatu, da yawansu suna aiki suna riƙe da iyali, abin da ke ba su wuya shi ne rubutu mai tsawo da sarƙaƙiya. Kiransu jahilai zalunci ne, kuma yana korar su daga ajin da aka buɗe dominsu. Laifin yana wuyan mai ba da labari, maganinsa kuma shi ne a koyi karanta sakamakon. Darajar binciken tana cikin tambayoyin da ke ƙarƙashin jerin: su wane ne aka bari a baya, a wane yanki suke, shekarunsu nawa, wane aiki suke yi, iyayensu sun yi karatu ko ba su yi ba. Ya ma tona wani abu da ya kamata ya dami masu tsara manufofi, cewa waɗanda suka fi buƙatar ƙarin horo su ne suka fi ƙarancin samunsa, domin kamfanoni da ma'aikatu sun fi tura wanda dama ya iya zuwa kwas.

Suka ta huɗu ita ce ta kuɗi, kuma ita ce ta fi kusa da mu. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin PIAAC, aikin yana da tsada, yana buƙatar ƙwararru da cikakken jerin gidaje ko na jama'a. Mai suka zai ce ƙasar da ba ta gama gina azuzuwa ba, me ya kai ta kashe kuɗi a kan awo? Amsar ita ce akwai hanyoyi masu sauƙi, kuma an taɓa gwada su a yankinmu. Bankin Duniya ya yi wani bincike mai suna STEP a biranen Ghana da Kenya a 2013, da ma'auni irin na PIAAC, inda a Ghana aka samu mafi rinjayen manya a mataki na 1 ko ƙasa, sai dai da Ingilishi aka yi gwajin, kuma wannan kaɗai ya isa ya danne makin wanda da wani harshe yake rayuwa. UNESCO ta ɓullo da nata shirin mai suna LAMP tun 2003, Nijar na cikin ƙasashen da aka yi gwajin farko, aka shirya kayan aikin da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da harshen Buzaye, ban da Faransanci. A Nijeriya, binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa yana miƙa wa mutum kati mai jimla guda ya karanta. A na 2018, kashi 53 cikin 100 na mata da kashi 72 na maza masu shekara 15 zuwa 49 ne aka lissafa a masu karatu, har da waɗanda wani ɓangare na jimlar kawai suka iya. Da Lant Pritchett da Justin Sandefur suka tattara irin waɗannan bayanai daga ƙasashe 51, sun ga cewa cikin matan da suka kammala aji shida na firamare suka tsaya nan, kusan rabi ne kawai ke iya karanta jimla guda, a Nijeriya kuwa kusan ɗaya cikin goma, a Ruwanda fiye da tara cikin goma. Kati guda da jimla guda ne suka fito da wannan. Kuɗin awo ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin da za a zuba shekara da shekaru a tsarin da ba a san ko yana koyarwa ba.

Sai dai idan za a yi irin wannan awo a ƙasar Hausa, darasin Faransa da na Ghana ya wajaba a kanmu. Dole a gwada mutum da harshen da yake rayuwa da shi, a kuma buɗe ƙofa ga rubutun da ya sani. Akwai dubban malamai da 'yan kasuwa da ke rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami, ga masu karanta littattafan Larabci, kuma ma'aunin da bai gan su ba zai ba da hoton ƙarya kamar yadda tambayar ƙofar gida take bayarwa. Haka nan tambayoyin su fito daga abin da mutane ke cin karo da shi, katin rigakafi, rasit, saƙon waya, takardar taki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a cikin muradun ci gaba mai ɗorewa cewa kafin 2030 dukkan matasa da kaso mai yawa na manya su iya karatu da lissafi, alhali har yanzu manya fiye da miliyan 700 a duniya ba su iya ba, kusan kashi biyu cikin uku mata ne, kuma yawancin wannan adadin ma daga tambaya aka samo shi, ba daga gwaji ba.

Saboda haka, masu sauraro, duk ranar da kuka ji an ce kashi kaza na mutanen wata ƙasa ko wata jiha sun iya karatu, ku yi tambaya uku kafin ku yarda ko ku musa. Tambayarsu aka yi, ko gwada su aka yi? Da wane harshe, da wane rubutu? Su wane ne aka gwada, su wane ne aka tsallake? Hukumomin ilimin manya da na ƙididdiga kuma, abin da ya kamata mu nema a wurinsu shi ne, bayan sun faɗa mana yawan cibiyoyin da aka buɗe da yawan waɗanda aka yaye, su faɗa mana nawa ne daga ciki ke iya karanta takardar magani shekara biyu bayan yayewa. Masu ɗaukar ma'aikata su ma su sani cewa aikin da ba ya sa mutum karatu ko lissafi yana rage masa abin da ya zo da shi, don haka horo a bakin aiki ya kamata ya fara daga na ƙasa.